Gidajen sayarwa sun yi kwantai a Katsina, amma kuɗinsu ya ƙi sauka

Abu Hafsa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masana harkar gidaje a cikin garin Katsina. Duk dillalin da ka tsaya wurinsa yanzu sai ya zaro waya ya nuna maka gidaje goma ko fiye, daga Barhim zuwa Kwado, Sabuwar Unguwa, bayan Ƙofar Ƙaura har hanyar Dutsinma. Wasu an fi shekara ana tallar su. Abin da aka sani a kasuwa shi ne in kaya ya yi kwantai kuɗinsa sauka yake yi, amma gida kullum sai dai a ce maka ya ƙara. To wannan kasuwa lafiya take ko ciwo take yi? Mai kuɗin gida mai ɗaki uku a hannu, ya saya yanzu, ko ya jira, ko ya nemi fegi ya gina? In kuma sayen ne, me zai duba kafin ya biya? Allah Ya saka da alheri.

Mai Ƙiyasi ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Abu Hafsa. Ka fara raba abu biyu da ake cakuɗawa: kuɗin da aka sa wa gida suna, da kuɗin da aka sallama shi. Na farko magana ce kawai, kowa yana iya faɗin abin da ya ga dama a kan gidansa. Na biyu shi ne kasuwa. Abin da kake ji yana hawa kullum na farkon ne.

Dalilin da ya hana masu gidaje saukowa ba ɓoyayye ba ne. A farkon 2023 buhun siminti bai kai naira 5,000 ba, a Fabrairun 2024 ya haura 10,000 a wurare da yawa. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin ɗauko yashi da tsakuwa da bulo ya bi shi. Dala da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 cikin ƙasa da shekara, ta ja rodi da kwano da tayil da wayar wuta. Mai gida yana lissafin abin da zai kashe in ya tashi gina irinsa yau, sai ya ɗora wannan a kan gidansa. Kuma tun da yawancin gidajenmu ba da bashin banki aka gina su ba, babu mai matsa masa ya sayar kafin ƙarshen wata. Zai iya rufe gida ya jira shekara biyu. Shi ya sa a nan ciwon kasuwa ba ya bayyana a farashi, a yawan cinikin da ke faɗawa yake bayyana.

Ga wani lissafi, a matsayin misali kawai. Gidan da ake sayarwa miliyan 20 lokacin da siminti ke 5,000, daidai yake da buhu 4,000. Yau a ce an sayar da shi miliyan 30, siminti na 10,000, buhu 3,000 ke nan. A baki ya ƙara rabin kuɗinsa, a gaskiya ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa. Gidaje da yawa sun riga sun faɗi ta wannan hanyar ba tare da an rage ko sisi a kan allo ba.

Ta ɓangaren masu saye kuwa aljihu ne ya yi rauni. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, wato 840,000 a shekara. Gidan miliyan 15 albashin kusan shekara 18 ne, in mutum bai ci bai sha ba. Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, bashin bankunan kasuwanci kuma sama da haka yake, don haka babu mai hankalin da zai sayi gidan zama da shi. Saura Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cirar wa ma'aikaci 2.5 cikin 100 na albashinsa, yana ba da rance a kan 6 cikin 100 har zuwa shekara 30. Ko shi ɗin, rancen miliyan 10 na shekara 30 yana cin kusan naira 60,000 duk wata, kuma ƙa'ida ita ce kada biya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na samun mutum, sai mai ɗaukar wajen 180,000 ke nan. Ga kuma ɗimbin jama'armu da ke ƙaurace masa saboda riba. Kasuwarmu ta kuɗi hannu ce, masu kuɗi hannun kuma 'yan kasuwa ne, da manyan ma'aikata, da masu karɓar kuɗin sallama, da waɗanda aka raba wa gado. In 'yan hatsi suka yi asara a wata shekara, ko aka rufe iyakar Jibiya kamar yadda aka yi daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, da kuma bayan juyin mulkin Nijar a 2023, dillalan gidaje suna ji a jikinsu.

Sannan kada ka ɗauki Katsina kasuwa guda. Manyan gidaje na GRA da makamantansu su suka fi kwantai, don masu iya sayensu ƙalilan ne kuma galibi sun fi son su gina nasu yadda suke so. Gidajen rukunin gwamnati irin su Barhim, Goruba da Fatima Shema suna tafiya a hankali amma suna tafiya, saboda akwai tsari da titi da takarda. Inda kasuwa ke ci da gaske ƙasa ne: ƙananan gidaje masu ɗaki biyu, kangaye, da fegi mai ƙafa 50 da 50 a gefen gari wajen Ɗandagoro, Ɓatagarawa, Modoji da Kambarawa. Mutanen da rashin tsaro ya taso daga yankunan Batsari, Safana, Ɗanmusa da Jibiya nan suke neman matsuguni, su da matasan da ke son fita daga gidan gado. Wannan ƙarin buƙata ce ta gaske, amma ba alamar wadata ba ce, kuma a wannan sashen ne rikicin takarda ya fi yawa.

In kana son auna unguwar da kake so da kanka, ga yadda ake yi. Ka je wurin dillalai uku da ba su tare, kowanne ya lissafa maka gidajen da ke hannunsa a unguwar. Ka cire maimaici, domin gida ɗaya yakan kasance a hannun mutum biyar, kowa da abin da ya ɗora a kai. Sai ka tambayi kowanne gidaje nawa aka biya kuɗinsu aka karɓi makulli cikin wata uku da suka wuce, kuma a nawa aka sallama. Mai unguwa yakan san wannan, tun da shi ake kira shaida. Ka raba yawan gidajen da ke kasuwa da yawan waɗanda ake sayarwa a wata. In gidaje 24 ne kuma biyu ke tafiya a wata, kayan shekara guda ne a ƙasa, wuƙa da nama suna hannun mai saye. In lissafin bai kai wata shida ba, kada ka ja ciniki da yawa, wani zai riga ka.

Awo na biyu kuɗin haya ne, don shi ba ya ƙarya: abin da mutane ke iya biya ne. Ka raba hayar shekara da kuɗin gidan. Gidan miliyan 30 da ake haya miliyan 1 da dubu 200 yana ba da 4 cikin 100, kafin a cire gyara da watannin da zai zauna babu kowa. Sukuk ɗin Gwamnatin Tarayya na Mayun 2025, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, ya ba da 19.75 cikin 100 a shekara. Duk inda kuɗin gida ya yi sama haya ta tsaya cik, farashin fata ne kawai yake riƙe da shi.

A ganina kasuwar ba ta mutu ba, amma ba ta da ƙoshin lafiya. Mai niyyar zama a ciki, da kuɗinsa a hannu, bai kamata ya jira faɗuwar farashi a baki ba, don ba a saba ganin ta a nan ba. Ya nemi wanda buƙata ta kama, ya taya da hujja.

Barista ta amsa:

Malam Mai Ƙiyasi ya yi bayani mai gamsarwa. Zan ƙara da cewa wani kaso na gidajen da suka daɗe a kasuwa ba tsada ce ta hana su tafiya ba, takarda ce. Mai saye ya zo, ya bincika, ya janye a hankali, dillali kuma ba zai gaya wa na gaba ba. Don haka tambayar farko ga duk gidan da ya shekara ana talla ita ce: mutum nawa suka taya, kuma me ya sa cinikin bai faɗa ba?

Tushen komai Dokar Amfani da Ƙasa ce ta 1978. Ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne, wanda a gidan zama yawanci shekara 99 ake rubutawa a takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O. Sashe na 22 ya ce mai wannan haƙƙi ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. Ma'ana, karɓar takardar mai gida ka ajiye a akwati bai mai da gidan sunanka ba. Sai lauya ya rubuta takardar miƙa haƙƙi, an nemi amincewa, an biya kuɗin hatimi, an yi rajista. Mutane da yawa suna tsallake wannan don gudun kashe kuɗi, sai ka ga gida ya wuce hannu huɗu amma a fayil har yanzu sunan mutumin farko ne, wanda wataƙila ya rasu. Ranar da za ka sayar ko ka nemi rance, sai ka bi magadansa ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka karɓi kwafin takardar ka sa a yi bincike a ofishin filaye na jiha, inda yanzu hukumar KATGIS ke kula da bayanan filaye. Abin da ake nema: lambar fayil ta dace da wannan fegin, sunan da ke ciki shi ne na mai sayarwa, babu jingina a kai, ba a soke ba, babu bashin harajin fili da ya taru. Daga nan ka ɗauki safiyo ya je ya auna, ya gwada da taswirar da ke cikin takardar. Yana faruwa takarda ta zama ta gaskiya amma ta fegin da ke maƙwabtaka ce, ko katanga ta ci ƙafa biyar na hanya. Ranar biya kuma asalin takardar za ka karɓa. In aka ce ta ɓata, ka ɗauka tana banki ko hannun wani mai bin bashi, har sai bincike ya nuna ba haka ba.

Gidan rukunin gwamnati da aka ba ma'aikaci yana biya a hankali, ka je hukumar gidaje ta jiha ka tabbatar ya gama biya kuma za su sauya suna. Takardar rabo kaɗai ba ta isa ba.

Gidan awon igiya, wato gonar da aka yanka aka sayar ba tare da tsarin gwamnati ba, takardarsa yarjejeniyar ciniki ce da sa hannun mai unguwa da dagaci, wani lokaci da hakimi. Wannan shaida ce mai amfani a kan cewa an yi ciniki, amma ba ta ɗaure gwamnati. Ka bi silsilar tun daga mai gonar, ka ga kowace takarda, ka kuma je hukumar tsara birane ta jiha ka tambaya ko wurin ya faɗa cikin hanya, makaranta ko filin da aka riga aka biya diyyarsa. Titin Gwamnatin Tarayya yana da mita 45.72 daga tsakiyarsa ta kowane gefe. Babbar wayar wuta mai ƙarfin kilobolt 132 tana da mita 15 ta kowane gefe, mai 33 da mai 11 kuma mita 5 da rabi. Abin da ya shiga nan, komai kyansa, ranar rusau ba ya da mai ceto.

Inda aka fi zubar da hawaye shi ne gidan gado. Ka nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a, ka san adadin magada da sunayensu. Ba a raba gado sai an biya bashin mamaci an fitar da wasiyyarsa, wadda ba ta wuce sulusi. Matar mamaci tana da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, kuma sa hannunta wajibi ne kamar na kowa. Babban wa ba ya sayar da rabon ƙannensa mata don kawai shi ne babba. Wanda ke nesa ya aiko da wakilci a rubuce, marayu ƙanana kuma sai da waliyyinsu da izinin alƙali. In rabon mutum ɗaya kake saye a gidan da ba a raba ba, ka sani a mazhabar Malikiyya sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shuf'a: za su iya mayar maka da kuɗinka su karɓi rabon. Rubutun nan da ake gani a bango, "wannan gida ba na sayarwa ba ne", galibi wani magaji ne ke gargaɗi, kada a raina shi.

In da ɗan haya a ciki, ka ga takardar hayarsa da ranar da kuɗinsa zai ƙare. Mai biyan shekara, in ba yarjejeniya ta faɗi wani abu daban ba, sanarwar wata shida yake da ita. A rubuta a takardar ciniki wanda zai fitar da shi da ranar da za a ba ka gida babu kowa, ka kuma riƙe wani abu daga cikin kuɗin har ranar.

Injiniya Bakatsine ya amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Barista ta gama da takarda, ni ginin zan taɓa, don yawancin gidajen da ake ginawa musamman don sayarwa kwalliyarsu ta fi ƙarfinsu.

Lokacin duba gida Agusta ne, washegarin ruwa mai ƙarfi. In da rani kake saye, bango zai gaya maka: ka duba layin da ruwa ya bari a katangar waje da ta maƙwabta, ka duba ko an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa ƙugu kawai. Filastar da ke kumbura tana fitar da farin gishiri alama ce danshi na hawowa daga tushe, ba a sa leda ko kankaren da ke tare shi ba. Fenti ba ya maganin wannan. Daɓen ɗaki ya kamata ya fi tsakar gida tudu da aƙalla inci 6, tsakar gida kuma ta fi titi. Ka lura da unguwannin da ba a yi wa kwalta ba tukuna: ranar da aka yi titi da lambatu, hanya takan ɗaga, gidan da ke daidai da ita yau ya koma rami.

Ka tambayi dattawan unguwa abin da ke wurin kafin a yi gini. Ƙasar Katsina yawanci jigawa ce mai ɗaukar gini, amma tsohon kududdufi da aka cike da shara, ko bakin fadama mai laka, sai sun motsa. Alamarsa tsagewa ce da ke tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, tana bin layin bulo kamar matakala, ta fito ciki da waje. Siririyar tsaga a filasta ba komai ba ce. Wadda tsinken ashana ke shiga, a tsaya a bincika. Ƙofofin da ke cijewa da tayil da ya rabu a layi ɗaya duk maganar guda suke yi.

Bulo kuma ka sami inda ba a yi filasta ba, ka karce shi da ƙusa. In yana zuba kamar gari, an tsawaita siminti. Buhu ɗaya bai kamata ya wuce bulo 25 zuwa 30 mai inci 9 ba, ko 35 zuwa 40 mai inci 6, amma masu neman riba suna kai shi 50. Kankaren ginshiƙi da linta da dakin (rufin kankare) awonsa buhu ɗaya, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Dakin na gidan zama kaurinsa inci 6 ne, da rodi mai milimita 12 a tazarar inci 6 zuwa 8. In ka ga jan tsatsa yana fitowa a ƙasan dakin, ko kankare yana ɓarewa rodi na leƙowa, ruwa ya riga ya shiga. Kuma kada ka yarda da "an yi tushen bene" a baki. A haƙa kusurwa biyu a gani: faɗin kankaren tushe na bulo mai inci 9 ya kai inci 27, kauri aƙalla inci 6, kuma bene yana buƙatar ginshiƙai masu nasu gindin daban. Wannan ya fi muhimmanci ga mai sayen kango, musamman wanda ya sha damina biyar babu rufi.

Ka sa kafinta ya shiga cikin silin da fitila. Abu uku zai duba: gara a katako, hasken rana ta ramukan kwano, da ko an ɗaure katakon rufi da bango da langalanga ko rodi. Iskar farkon damina, a Mayu da Yuni, rufin da ba a ɗaure ba take ɗauka. Rufin ɓoye da ake yayi yanzu, wanda bango ke rufe kwano, yana da kyan gani, amma in magudanar cikinsa ta yi ƙanƙanta ko ganye ya toshe ta, cikin ɗaki ruwan ke komawa.

Wuta: a buɗe soket biyu ko uku. Waya mai kaurin 1.5 ta fitila ce, 2.5 ta soket, 4 ta na'urar sanyaya ɗaki da hita. A kankare bakin wayar, in ciki fari ne to alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, zai yi zafi. A duba bashin da ke kan mita ko takardar kamfanin wuta na KEDCO, a biya shi daga kuɗin mai sayarwa. Ruwa: kada ka tsaya ga ganin famfo ko tanki. Ka sa a kunna rijiyar burtsatse ta yi awa guda a gabanka, mafi kyau a Afrilu ko Mayu lokacin da ruwan ƙasa ya ja. In unguwar 'yan ga-ruwa ce, ka lissafa kura nawa gidan zai sha a rana, ka ninka da 365, ka ɗora a kan kuɗin gidan. Tsakanin rijiya da sokawe a sami aƙalla mita 15, in da hali 30. A fegi 50 da 50, wanda gefensa mita 15 ne, da ƙyar wannan ke samuwa, kuma sokawen maƙwabci ma yana cikin lissafi.

Game da saye ko gini: katangar fegi 50 da 100 kaɗai tana cin bulo 200 a kowane layi, layi 10 bulo 2,000 ke nan, ban da na cikin ƙasa. Ka sa a yi maka ƙiyasin gina irin gidan da kuɗin kayan yau, ka haɗa da kuɗin fegi a unguwar, ka rage tsufa da gyaran da aka gano. In abin da ake nema ya gaza wannan, saye ya fi. A yanzu tsohon gida mai ƙwarin gini da aka yi kafin tsadar kaya sau da yawa ya fi sabon gini sauƙi.

Hajiya Badauriya ta amsa:

Ina da ɗan ja a kan awon haya da Malam Mai Ƙiyasi ya kawo. Daidai ne ga mai neman riba, amma a gida abu biyu ake saye, ƙasa da gini. Gini tsufa yake yi, ƙasa ce ke ƙara daraja, kuma hanya ce ke ɗaga ta. Wanda ya ga yadda wuraren da ke kusa da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa suka cika, ko yadda ake rububin filaye a gefen sabon titin da ya kewaye Katsina ta gabas, ya san haya kaɗai ba ta faɗin komai. Ƙaramin gida a kan babban fegi a wuri mai tasowa ya fi katafaren gida da ya cinye fegensa duka.

Daura kuma a yi hattara da ɗaukar lissafin Katsina a kai mata. Kasuwarta ƙarama ce, ciniki ɗaya mai tsoka yana iya sa duk unguwa ta sauya kuɗi alhali babu mai saye na biyu. Tsakanin 2015 da 2023, lokacin da ɗan garin Muhammadu Buhari ke shugabancin ƙasa, garin ya samu cibiyoyin tarayya: kwalejin kimiyya da fasaha, asibitin sojan sama, da jami'ar sufuri da aka aza harsashinta a Disamban 2019. Buƙatar da waɗannan suka kawo ta ma'aikata da ɗalibai ce, wato ɗaki da falo, ko ɗaki biyu mai ruwa da wuta. Manyan gidajen da aka gina da tsammanin baƙi masu zuwa gaisuwa su ne ke wahalar samun mai saye. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 zai bi ta Daura da Mashi da Katsina da Jibiya, kuma tuni ake sayar da filaye da sunan "kusa da tasha". Kafin ka biya kuɗin kusa da tasha, ka tabbatar inda tashar take a taswirar aikin, ka kuma tabbatar fegin ba ya cikin hurumin layin da aka biya diyya.

Abu Hafsa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Saura abu ɗaya: in an sami gidan da takarda da gini suka yi, yaya ake tayi, kuma yaya ake biya ba tare da an shiga matsala ba?

Mai Ƙiyasi ya amsa:

Gyaran Hajiya ya karɓu, a haɗa awo biyun.

Malam Abu Hafsa, ka nemi zama da mai gidan ido da ido kafin ka furta kuɗi, don ka ji abin da shi ya nema, ba abin da aka ɗora ba. A gabansa a yanke maganar la'ada: abin da aka saba 5 cikin 100 ne, ana sasantawa a babban ciniki, kuma a fayyace wa zai biya da dillalai nawa za su raba. Tayinka ya tsaya a kan cinikin da ya faɗa a unguwar cikin watannin nan, ka cire kuɗin gyaran da injiniya ya rubuta maka, ka nuna masa takardar. In ya ce albarka, ka bar lambarka ka tafi, kada ka ƙara a zama ɗaya. Masu sayarwa sun fi saukowa gab da rufe biyan kuɗin kujerar Hajji, da lokacin komawa makaranta, da tsakiyar damina. Bayan kaka, da kuɗin amfanin gona ya shigo, masu saye sukan yi yawa.

Kafin alƙalami kada ya wuce kashi 10 cikin 100, kuma a rubuta cewa za a mayar da shi in bincike ya nuna matsala, da adadin kwanakin binciken. Sauran kuɗin ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takardar gidan, ba na dillali ko ɗan mai gida ba. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da miliyan 5 ba ta banki ba. A wurin rubuta dalilin tura kuɗi ka sa lambar fegin da unguwar. In gidan gado ne, a biya a gaban dukkan magada ko ta hannun kotun da ta yi rabon. Shaidu biyu daga kowane ɓangare, da mai unguwa, da maƙwabtan da ke iyaka da gidan. A zaman da kuɗi ya shiga ka karɓi asalin takardu da makullai, ka sauya kwaɗo a ranar, lauyanka kuma ya shigar da neman amincewar gwamna a cikin makon.